Adabin Girkawan Dauri: Tambayoyi da Amsoshi

Ɗaliban adabi da na tarihi, da almajiran ilimi da ke cin karo da sunan Aflatun da Aristo a littattafan Larabci, da masu karatu don marmari kawai, tambayoyinsu kan zo kusan iri ɗaya. Ga su nan an tara, daga na bakin gaɓa zuwa masu zurfi. Inda ka ga K.M., ana nufin kafin Miladiyya, shekarun da ake ƙirgawa da baya-baya.

Me ake nufi da adabin Girkawan dauri?

Shi ne abin da aka tsara ko aka rubuta da tsohon Girkanci, tun daga waƙoƙin Homa a wajen ƙarni na 8 K.M. har zuwa ƙarshen zamanin daular Rum, sama da shekara dubu ke nan. A ciki akwai dogayen waƙoƙin jarumta, da gajerun waƙoƙin bege da yabo da makoki, da wasannin kwaikwayo, da tarihi, da jawaban kotu da na majalisa, da falsafa, har da ƙagaggun labarai. Mutanen su ne Larabawa ke kira Yunanawa, Littafi Mai Tsarki na Hausa kuma ya ce musu Helenawa.

Ba ƙasa ɗaya ba ce mai sarki ɗaya. Ɗaruruwan birane ne, kowanne da dokarsa da rundunarsa: Atina, Isfarta, Tibis, Korinti, wasu a gaɓar Turkiyya ta yau, wasu a Sisili da kudancin Italiya, har da gaɓar Libiya. Harshe da ibada da waƙoƙin Homa ne suka haɗa su. Yaƙi da juna kuwa bai taɓa yanke musu ba, shi ya sa za ka ji warinsa a kusan duk abin da suka bari.

Yaushe suka fara rubutu?

Sau biyu suka fara. A wajen 1400 zuwa 1200 K.M., fadodin Misini da Filos da Konosos suna da wani rubutu da ake tsagawa a allunan yumɓu. Michael Ventris ya kwance shi a 1952, aka tarar Girkanci ne, amma babu waƙa ko labari ko ɗaya a ciki, sai lissafin tumaki da man zaitun da karusai. Da fadodin suka rushe, rubutun ya tafi da su. Sai bayan kamar shekara 400 suka ari baƙaƙen Finikiyawa, suka mai da wasunsu wasula. Daga wannan ne baƙaƙen Romawa suka samo asali, waɗanda muke boko da su yau. A tsakanin rubutun farko da na biyu, baki ne ya riƙe labarai, kuma nan ne tambaya ta gaba ta samo tushe.

Wane ne Homa? Da gaske an yi shi?

Girkawa sun ce makaho ne mawaƙi, birane da yawa kuma suna jayayya kowanne na cewa ɗansa ne. Shi ake jingina wa Iliyad mai ɗango sama da 15,000 da Odisi mai ɗango kamar 12,000, kowacce an kasa ta kashi 24. Masana sun daɗe suna muhawara ko mutum ɗaya ne ya yi duka biyun. Abin da ya sauya muhawarar shi ne aikin wani Ba'amurke, Milman Parry. Ya lura cewa Homa ba ya ambaton mutum tsura: Akilis kullum "mai saurin ƙafa" ne, Odisiyus "mai yawan dabara", alfijir "mai jajayen yatsu", wani lokaci ma ɗangogi da yawa su dawo ba a sauya ko harafi ba. Daga 1933 zuwa 1935 ya je tsohuwar Yugosilabiya ya naɗi muryar mawaƙan baka da ba su iya karatu ba, ya ga suna tsara dubban ɗangogi nan take da irin wannan dabara. Da ya rasu a 1935, almajirinsa Albert Lord ya ci gaba da aikin.

Mai jin Hausa ba ya bukatar dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban makaɗin fada ya ji yadda kirari ke dawowa a kowace gaɓa, yana ɗaure waƙar, yana ba mawaƙi sararin shirya abin da zai faɗa gaba, ya riga ya san yadda waƙar Homa ta ginu. Saboda haka amsa mafi kusa ita ce: a bayan waƙoƙin akwai sana'ar baka ta ɗaruruwan shekaru, a ƙarshenta kuma akwai gwani, ko gwanaye biyu, da suka ba ta siffar da muke gani. Ma'aunin waƙar yana tafiya ne da nauyin gaɓa, mai nauyi da marar nauyi, kamar arulin Larabci da rubutacciyar waƙar Hausa, sai dai babu amsa-amo a ƙarshen ɗango.

Labarin me Iliyad ke bayarwa?

Ba yaƙin Taroy gaba ɗaya ba. Kwana hamsin da 'yan kai kawai ta ɗauka daga shekara ta goma, kuma kan fushin mutum ɗaya take. Agamemnon, shugaban rundunar Girkawa, ya ƙwace wa Akilis wata baiwa, Birisis, da aka ba shi a ganima. Akilis ya yi zuciya ya janye daga fagen fama, aka yi ta karkashe Girkawa yana kallo. Amininsa Fatroklus ya sa sulkensa ya fita, Hekto ɗan sarkin Taroy ya kashe shi. Sai Akilis ya dawo, ba don Agamemnon ba, don ramuwa. Ya kashe Hekto, ya ɗaure gawar a karusa yana jan ta a ƙasa.

Abin da ya sa waƙar ta fi ƙarfin waƙar yaƙi kawai shi ne yadda take kallon abokan gaba. A kashi na 6, Hekto ya shiga gari ya sadu da matarsa Andiromaki a kan ganuwa. Ya miƙa hannu zai ɗauki jaririnsa, yaron ya tsorata da gashin doki da ke kaɗawa a kan kwalkwalinsa, ya fashe da kuka ya maƙale wa mai renonsa. Uba da uwa suka yi dariya, Hekto ya cire kwalkwalin ya ajiye ƙasa, sannan ya sumbaci ɗansa. Mawaƙin Girkawa ne yake nuna wa Girkawa gidan mutumin da jaruminsu zai kashe.

A kashi na ƙarshe, tsohon sarki Firiyam ya fita da dare da keken alfadarai cike da kayan fansa, ya shiga bukkar Akilis, ya durƙusa, ya sumbaci hannun da ya kashe masa 'ya'ya, ya ce masa ya tuna da nasa mahaifin. Suka yi kuka tare, wannan don ɗansa, wancan don mahaifinsa da amininsa. Akilis ya sa aka wanke gawar, suka ci abinci, ya ba da kwana 11 na tsagaita yaƙi don makoki. Waƙar ta ƙare da jana'izar Hekto, ba da cin gari ba. A ganina, in mutum bai karanta komai ba a adabin nan sai wannan kashi, bai yi asara ba.

To ina dokin katako? Kuma yaƙin ya faru kuwa?

Dokin, wanda aka ce Girkawa sun ɓuya a cikinsa har suka ci Taroy, ba ya cikin Iliyad. A Odisi aka kawo shi, inda wani makaho mawaƙi ya rera labarin a gaban Odisiyus ba tare da ya san shi ne mai dabarar ba. Odisiyus ya rushe da kuka, Homa kuma ya kwatanta kukansa da na matar da aka kashe mijinta a ƙofar gari, ana zungurinta da mashi za a tafi da ita bauta. Zancen cewa diddigen Akilis ne kaɗai makasarsa shi ma ba na Homa ba ne, daga baya ya shigo.

Garin kam akwai shi. Heinrich Schliemann ya haƙa tudun Hisarlik a arewa maso yammacin Turkiyya a shekarun 1870, aka sami birane da yawa wani a kan wani. Ɗaya daga cikinsu ya ƙone a wajen 1180 K.M., takardun Hittiyawa kuma suna ambaton wata ƙasa Wilusa da masana da yawa ke ganin ita ce. Amma Helen, matar da aka ce dominta aka yi yaƙin, da Akilis da jiragen ruwa sama da dubu, waɗannan na waƙa ne.

Odisi fa?

Labarin komawa gida ce. Odisiyus ya yi shekara 10 a yaƙi, ya ƙara 10 a hanya kafin ya isa tsibirinsa Itaka. A nan ne ake samun dodo mai ido ɗaya da ya rufe su a kogo yana cin mutanensa. Odisiyus ya ce masa sunansa Ba-Kowa, ya bugar da shi da giya, ya tsiyaye masa idon. Da 'yan uwan dodon suka zo suna tambayar wa ke cutarsa, ya ce "Ba-Kowa", sai suka koma barcinsu.

Rabin waƙar na biyu a gida yake, kuma ya fi daɗi. Matarsa Fenelofi ta sha fama da manema 108 da suka tare a gidan suna cinye dukiya. Ta ce su jira ta gama saƙa likkafanin surukinta, tana saƙa da rana tana warwarewa da dare, har shekara 3. Da mijin ya dawo cikin tsummokara, tsohon karensa Argos, kwance a kan juji, shi ya fara gane shi, ya kaɗa wutsiya ya mutu. Tsohuwar da ta rene shi ta gane shi da tabon ƙafarsa tana wanke masa ita. Fenelofi kuwa ba ta yarda ba sai da ta gwada shi: ta ce a fito masa da gadonsu waje, shi kuma ya fusata, don shi ya sassaƙa gadon a jikin kututturen zaitun mai saiwa a ƙasa, ba ya ɗaguwa. Kada a ɓoye maka ɓangare mai ɗaci: bayan kashe maneman, an rataye kuyangi 12, waƙar kuma ba ta ga laifin hakan ba. Al'umma ce da ta tsayu a kan bauta.

Ban da Homa, akwai wasu mawaƙa? Akwai mata?

Hesiyod, kusan sa'an zamanin Homa, manomi ne daga ƙauyen Askara, wanda ya ce da sanyi babu daɗi, da zafi wahala, babu lokacin da yake da kyau. Waƙarsa ɗaya ta jero asalin alloli. Ɗayar, Ayyuka da Ranaku, nasiha ce ga ɗan uwansa Fersis wanda ya cinye masa gado ta hanyar ba alƙalai toshiya: yaushe ake huɗa, yaushe ake girbi, me ya sa gumi ya fi roƙo. Findar na Tibis kuma mawaƙin yabo ne, ana biyansa ya wasa waɗanda suka ci gasar Olimfiya da makamantanta. Da Iskandar Mai Girma ya rushe Tibis a 335 K.M., an ce ya bar gidan Findar a tsaye.

Mace mafi shahara ita ce Safo ta tsibirin Lesbos, wajen 600 K.M. Waƙoƙinta na bege ne da na biki, da yawansu a kan 'yan matan da ke tare da ita, ana rera su da wani abin kiɗa mai tsirkiya. A wata ta ce wasu na ganin rundunar dawaki ce mafi kyau a doron ƙasa, wasu dakaru, wasu jiragen ruwa, ita kuwa a wurinta abin da mutum ke so ne. Malaman Iskandariyya sun tara waƙoƙinta a littafi 9. Guda ɗaya ce tak ta iso mana cikakkiya, saura gutsattsari ne. Dalilin haka yana cikin amsar da ke kan yadda littattafan suka iso mana.

Yaya ake yin wasan kwaikwayo a Atina?

Ba sana'ar dare ba ce. Ibada ce da gasa a bikin allansu Diyonisus da ake yi duk shekara wajen watan Maris, a fili, a gindin tudun Akrofolis, dubban mutane na zaune tun safe. Hukuma ke zaɓen marubuta 3, kowanne ya kawo wasannin alhini 3 da na raha 1. Wani attajiri ake ɗora wa nauyin 'yan amshi, horonsu da tufafinsu, alƙalai 10 da aka fitar da ƙuri'a su yanke wanda ya ci. 'Yan wasa masu magana ba sa wuce 3, duka maza, suna sauya abin rufe fuska su zama sarki ko tsohuwa ko ɗan aike. 'Yan amshi 12 ne, daga baya suka zama 15, suna rawa suna waƙa, su ne muryar dattawan gari ko ta matan da aka kama. Kisa galibi ba a nuna shi. Ɗan aike ne zai shigo ya ba da labari, sannan a fito da gawa.

Sun ɗauki abin da gaske. Hirodotus ya ce da Firinikus ya yi wasa a kan yadda Farisawa suka ci birnin Militus, 'yan kallo suka ɓarke da kuka, aka ci shi tarar dirakma 1,000 don ya fama musu ciwo, aka hana sake wasan.

Me ya sa kullum mutum uku ake ambata, kuma me ya bambanta su?

Don a wasannin alhini, nasu ne kaɗai suka tsira. Eskilas ya bar 7, Sofokilis 7 daga cikin sama da 120, Yurifidis 18 ko 19 daga cikin kamar 90. Eskilas soja ne, ya yi yaƙin Maraton a 490 K.M., inda ɗan uwansa ya mutu. Amma da ya zo rubuta wasa a kan nasarar da Girkawa suka yi a kan Farisawa a Salamis, a 472 K.M., shekara 8 kacal bayan yaƙin, sai ya kafa shi a fadar Farisa: uwar sarki da dattawa suna jiran labari, ɗan aike ya zo yana jera sunayen matattunsu. Bai ambaci sunan Bagirke ko ɗaya ba. Wannan ne wasa mafi tsufa da muke da shi. A jerin wasanninsa na Oristiya kuma, na 458 K.M., ramuwar jini da ta cinye gida guda ba ta tsaya ba sai da aka kai ta gaban kotu.

Sofokilis gwanin ɗaure labari ne. Sarki Idifus ya rantse sai ya gano wanda ya kashe sarkin da ya gada, bincike ya dawo kansa: shi ne, mamacin mahaifinsa ne, matar da ya aura kuma mahaifiyarsa. Antigoni ta fi kusa da zuciyar mai karatu na yau. 'Yan uwanta maza biyu sun kashe juna a kan sarauta, kawunta Kiriyon ya hau, ya ce wanda ya kawo wa gari yaƙi a bar gawarsa ga karnuka da tsuntsaye, duk wanda ya yi masa sutura kisa ne. Ta fita ta barbaɗa masa ƙasa, ta ce akwai dokar da ta girmi ta sarki. Kiriyon ba mahaukaci ba ne, yana da hujjarsa ta tsaron gari, kuma ƙarfin wasan ke nan. Ya sa aka toshe ta a kogo. Kafin ya sauko daga taurin kansa ta rataye kanta, ɗansa da zai aure ta ya bi ta, matarsa ma haka.

Yurifidis ya fi su tsokano abin da mutane ba sa son ji. Midiya, a 431 K.M., baƙuwa ce da ta bar danginta don miji, shi kuma ya yar da ita don 'yar sarki. Ta ce gwamma ta tsaya a sahun yaƙi sau 3 da ta haihu sau 1. Ta kashe kishiyar, ta kashe 'ya'yanta na cikinta. Alƙalai sun sa shi na ƙarshe a gasar wannan shekara. A 415 K.M. ya kawo Matan Taroy, wasan da babu komai a cikinsa sai matan da aka ci garinsu ana rabon su kamar kaya, watanni kaɗan bayan abin da Atina ta yi a Milos. Dubi amsar da ke kan marubuta tarihi.

Ba su da abin dariya ne?

Suna da shi, har ya yi yawa. Aristofanis ya bar wasanni 11, cike da zambo da batsa da kiran manyan gari da sunansu. Ya yi wa Kiliyon, ɗan siyasa mafi ƙarfi a lokacin, kaca-kaca a 424 K.M. A Lisistirata, ta 411 K.M., matan biranen da ke yaƙi suka haɗa baki suka ƙaurace wa mazajensu sai an yi sulhu. A Gizagizai ya rataye masanin falsafa Sukurat a kwando yana nazarin sama, Aflatun kuma ya nuna cewa wannan zambon na cikin abin da ya ɓata wa malaminsa suna. Bayansa Minanda ya koma kan rikicin gida da aure, ba siyasa.

Su wa suka fara rubuta tarihi, kuma za a iya dogara da su?

Hirodotus, wanda aka haifa wajen 484 K.M. a garin da ake kira Bodrum yau, ya rubuta yaƙin Girkawa da Farisawa, amma duk inda hanya ta ratse sai ya bi ta: al'adun Masar, binne sarakunan Sikitiya, dukiyar Lidiya. Ya faɗa da bakinsa cewa aikinsa ya ba da abin da aka gaya masa, ba dole ne ya gaskata shi ba. Mai karatu ya riƙe wannan.

Tusididis dabam ne. Kwamandan Atina ne a yaƙinta da Isfarta na 431 zuwa 404 K.M., ya kasa ceto birnin Amfifolis, aka kore shi shekara 20, ya yi amfani da su wajen jin ta bakin ɓangarorin biyu. Annobar 430 K.M. ta kama shi ya tashi, ya bayyana alamominta dalla-dalla. Ba ya kawo alloli a matsayin dalilin komai. A 416 K.M. Atina ta tsare ƙaramin tsibirin Milos da ya ce shi ba ruwansa da yaƙin. Tusididis ya rubuta tattaunawarsu, inda jakadun garinsa suka ce zancen adalci sai tsakanin masu ƙarfi ɗaya, in ba haka ba mai ƙarfi ya yi abin da ya iya, marar ƙarfi ya haƙura. Suka kashe mazan, suka sayar da mata da yara. Ɗan Atina ne ya ajiye mana wannan a kan Atina. Sai dai ya amsa cewa jawaban da ke littafinsa shi ya tsara su bisa abin da ya dace a ce an faɗa.

Sun san Afirka?

Sun san arewacinta sosai. Homa yana kiran mutanen Itofiya marasa aibi, waɗanda alloli ke zuwa cin biki wurinsu, kuma abin da suke nufi da sunan galibi ƙasashen kudu da Masar ne, wato Sudan ta yau. Hirodotus ya ce ya hau Nilu har wajen Aswan, yana kuma ganin sunayen allolin Girkawa da yawa daga Masar suka zo. Ya kawo labarin samari 5 na ƙabilar Nasamon a Libiya da suka ƙetare hamada, wasu gajerun baƙaƙen mutane suka kai su wani gari a bakin babban kogi mai kada, yana gudu daga yamma zuwa gabas. Wasu masana na zaton kogin Kwara ne, amma zato ne. Ya kuma bayyana cinikin zinariya na kurame da mutanen Kartaj ke yi a gaɓar yamma: a ajiye kaya a ja da baya, masu ƙasa su ajiye zinariya su ja, har a daidaita. Ƙarnoni bayan haka Heliyodorus ya rubuta ƙagaggen labarin soyayya wanda jarumarsa 'yar sarkin Merowe ce.

Falsafar Aflatun da Aristo tana cikin adabi?

Ta Aflatun kam tana ciki. Sukurat bai rubuta komai ba, Aflatun ne ya sa shi cikin hirarraki masu mutane da wuri da raha. Karanta yadda ya kwatanta ranar da Sukurat ya sha guba a 399 K.M.: mai gadin kurkuku yana kuka, almajirai sun kasa daurewa, shi kuwa yana tuna musu a biya bashin zakara da ya yi wa allan waraka alkawari. Duk da haka Aflatun ne ya ce a fitar da irin su Homa daga birnin da yake buri, don suna yi wa alloli ƙarya suna raunana zukatan matasa. Abin da ya rage na Aristo yawanci bayanan darasi ne, busassu, amma ɗan littafinsa a kan waƙa shi ne farkon nazarin adabi: ya ce wasan alhini yana tayar da tausayi da tsoro ne don ya wanke su. Kashin da ya yi a kan barkwanci ya ɓace.

Ni mai imani ne. Me zan yi da littattafai cike da alloli barkatai?

Tambaya ce mai kyau, kuma ba kai ka fara yin ta ba. Su kansu Girkawa sun yi. Zenofanis, tun ƙarni na 6 K.M., ya zargi Homa da Hesiyod da jingina wa alloli sata da zina da yaudara, ya ce da shanu na iya zane da sun zana allolinsu da siffar shanu. Malaman Musulunci sun adana waƙoƙin Jahiliyya, har yau ana karanta su a zaurukanmu don harshe da hikima, ba wanda ya ce karanta Imru'ul Ƙaisi yarda ne da rayuwarsa. A ɓangaren Kirista, Bulus ya kawo ɗangon mawaƙin Girkawa a wa'azinsa na Atina, Basil na Kaisariya kuma ya rubuta wa matasa yadda za su amfana da waɗannan littattafai. Ba a neman aƙida a wurin Homa. Abin da ke wurinsa shi ne sanin fushi da girman kai da maraici da abin da yaƙi ke yi wa gida.

Yaya littattafan suka iso mana, kuma me ya sa da yawa suka ɓata?

Ana rubutu ne a naɗaɗɗun takardun fafiras, da ake yi da wata ciyawar bakin Nilu, kuma suna ruɓewa. Littafin da ba a sake juya shi da hannu ba, ya mutu. A ƙarni na 3 K.M. sarakunan Masar na zuriyar Batlamus suka kafa ɗakin karatu na Iskandariyya, malamai irin su Zenodotus da Aristarkus suka gwada kwafe-kwafen Homa, Kalimakus ɗan Libiya ya yi jerin littattafan a kundi 120. Ba gobara ɗaya ce ta cinye ɗakin ba, yaƙe-yaƙe ne da sakaci na ƙarnoni. Labarin cewa Halifa Umar ne ya sa aka ƙone shi bai ɓullo ba sai bayan sama da shekara 500 da cin Masar, yawancin masana tarihi kuma ba su karɓe shi ba.

Abin da ya tsira galibi shi ne abin da makarantu ke koyarwa, wanda masu juyar littafi na daular Rumawan Gabas suka yi ta kwafa har aka fara buga Homa a Fulorens a 1488. Wani lokaci sa'a ce zalla: wasanni 9 na Yurifidis sun tsira ne don wani yanki na cikakken kundinsa, mai bin jerin baƙaƙe, ya kuɓuta. Sai kuma jujin Masar, inda rashin ruwan sama ya hana takarda ruɓewa. Daga 1896 Grenfell da Hunt suka haƙa bolar tsohon garin Oksirinkus suka kwaso dubban ɗaruruwan gutsattsari, har yau ba a gama karanta su ba. Daga irin waɗannan takardu aka sami cikakken wasan Minanda na farko, aka buga a 1958, da waƙar Safo a kan tsufa a 2004.

Larabawa sun fassara adabin nan? Ya taɓa isowa ƙasar Hausa?

Sun fassara ilimi, ba su fassara waƙa ba. A Bagadaza ta Abbasiyawa, Hunainu ɗan Ishaƙa, wanda ya rasu a 873, da almajiransa sun juya likitancin Jalinus da Abuƙarat zuwa Larabci, wasu kuma suka yi Aristo da lissafin Uƙlidis. Homa da masu wasan kwaikwayo aka bar su. Da Matta ɗan Yunusa ya fassara littafin Aristo a kan waƙa, babu dandalin wasa a duniyarsa, sai ya ɗauki wasan alhini a matsayin yabo, na barkwanci a matsayin zambo, Ibn Rushdi ma ya yi sharhi a kan haka. Cikakkiyar Iliyad ba ta fito da Larabci ba sai 1904, a Alƙahira, ta hannun Sulaiman al-Bustani.

Abin da ya iso mana ta hanyar malamai shi ne manɗiƙi, wanda tushensa Aristo ne. Sullam na Ahlari, da ake karantawa a zaure, daga wannan jijiya yake. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi musayar baitoci da Suyuɗi yana kare karatun manɗiƙi, Suyuɗi yana hana shi.

Daga ina zan fara, kuma 'yan Afirka sun taɓa shi?

Sun taɓa. Ola Rotimi ya mai da Idifus ƙasar Yarabawa a 1968, Wole Soyinka ya sake gina wani wasan Yurifidis a 1973, Femi Osofisan ya ɗora Matan Taroy a kan rushewar Owu. Fursunonin tsibirin Robben sun yi Antigoni a kurkuku, Nelson Mandela ne ya fito a Kiriyon. Jami'ar Ibadan tana da sashen da ake koyar da tsohon Girkanci.

Ba sai ka iya harshen ba. Akwai fassarori na Turanci da Larabci da Faransanci, tsofaffin cikinsu kyauta ne a intanet, sai dai ka nemi sunayen yadda Turawa ke rubuta su: Homer, Sophocles, Euripides, Herodotus. Fara da Antigoni, don zama ɗaya ake gama ta. Bi da Odisi, sannan Iliyad, in ta yi maka tsawo ka ɗauki kashi na 1, 6, 9, 16, 22 da 24, ka tsallake jerin jiragen ruwa na kashi na 2. Daga nan littafi na 2 na Hirodotus a kan Masar, da jawabin kare kai na Sukurat. Karanta waƙoƙin da murya, don kunne aka yi su, wasannin kuma ku raba matsayi ku uku ko huɗu, sauran su zama 'yan amshi.